Ku Tsaya, Kar Ku Motsa!

Duk yaron da ya je koyon ɗaukar hoto a Talata Mafara, zatonsa kyamara zai koya. Ita kyamara ba ta da wuya. Da ka san inda za ka ba rana baya, ka iya hana hannunka rawa, ka yi nisa. Mutane su ne karatun, kuma shi wannan karatu ba a sauke shi.

Na farko maigidanka ne, wanda ya yi imani cewa ilimi ta ƙafa yake shiga. Za ka sayo masa fura, ka share shago, ka saɓa jaka ka bi shi gidan suna. In ka tambaye shi me ya sa ya murɗa wancan abu, sai ya ce, "Kai dai ka riƙa kallo." A zamanin fim yana da hujja, don Kodak ko Fuji guda hoto 36 ne, kuma sai an kai Gusau ko Sakkwato an wanko kafin a san aiki aka yi ko ɓarna. Da kyamara mai kati ta zo, hujjar ta tafi, halin ya zauna.

Akwai mai ƙifta ido, wanda zai buɗe su tar har ka gama ƙirga ɗaya, biyu, sai a kan uku ya rufe. Akwai ɗalibi mai fasfo na WAEC ko NECO, da yake ɗaure fuska don an ce masa hoton gwamnati ba a dariya. Akwai wanda zai yi maka nasiha da safe kan hukuncin hoto, da la'asar ya zo a yi masa guda huɗu na cike fom, kuma da gaggawa. Sai mai aro: agogon na yayansa ne, tabarau na abokinsa, babur ɗin da ya jingina a kai kuwa mai shi yana tsaye gefe yana jira. A da, lokacin da ake bin hanyar Maradun ba fargaba, irinsu ne ke ɗaukar mu ranar yawon Salla zuwa madatsar Bakolori, su ce a kama ruwa kaɗai ban da ganuwar, don wanda za a aika wa ya zaci bakin teku ne a Ikko.

Amma gwanina, wanda har gobe ina kewarsa, shi ne Ɗan Kutse. Ƙasarmu kuwa ta yi masa daɗi. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima a 1999, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Bello Matawalle a 2019. Yankin da ya fitar da gwamnoni uku ba ya rabuwa da taro, inda taro yake kuma nan Ɗan Kutse yake. Ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya san shi. Yana da babbar riga guda ɗaya mai sitaci wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Ba ya zama a kujera, don wanda ya zauna ba ya iya zabura. Idonsa ba ya kan mai jawabi, yana kan yatsanka. Ka jera manya, ka duba ta kyamara ka ga komai daidai, ka danna. Sai hoto ya fito ka tarar da kansa ya tsiro a tsakanin kafaɗar babban baƙo da ta hakimi, yana murmushin wanda aka daɗe ana shawara da shi. Na taɓa ganinsa a hoton ɗaurin aure biyu da aka yi lokaci guda a unguwa biyu. Abin da ya sa ba na iya fushi da shi, shi kaɗai ne ke biya ba tayi. Zai ja ka gefe ya ce, "Ɗan samari, wanga hoto ka ƙara mai girma, ka yanke sauran, ka bar ni da Oga." Bayan mako ka gan shi cikin gilashi a zaurensa, yana ba baƙi labarin abin da Oga ya raɗa masa ran nan.

Ita kuma Hajiya Ba-ni-ba-ce, za ta riƙe hoton nesa, ta matso da shi, ta ce, "Yarona, wannan wace ce?" Ka ce, "Ke ce, Hajiya." Ta ce ita dai ba haka take ba. Tun da ta ji labarin Photoshop, buƙatarta ɗaya: a ɗan wanke ta. In ka wanke ta har 'ya'yanta suka kasa gane ta, ranar za ta sa maka albarka.

Kawu mai shawara shi ne ke zuwa daidai lokacin da ka fara tunanin ko wannan abu zai riƙe ka. "Hoto? Wannan sana'a ce ko yawon biki? Ga Kwalejin Abdu Gusau nan a bakin ƙofarka, ka yi difloma a ɗauke ka aiki a ƙaramar hukuma." Wataƙila yana da gaskiya. Sai dai ranar auren 'yarsa, shi ne zai fara aiko maka, tare da tunin cewa ɗan gida ba ya karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani yaro ɗan shekara goma sha shida, mai rataye kyamara a wuya ko masallaci za shi, ya sa riga mai aljihu goma, yana ganin saura ƙiris a kira shi Kano ɗaukar fim. Shi ne in masu neman kyauta suka dame shi, sai ya jera su, ya gyara musu hula, ya walƙa musu fitila alhali ba fim a ciki. Na san shi sosai, ba zan dai faɗi sunansa ba.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Waya. Ka wuni a rana a wurin walima, ka hau acaba da kuɗinka, ka sayi takarda da tawada, ka zuba wa janareta mai, ka dawo a guje kafin taro ya watse, ka shimfiɗa hotuna a tabarma. Ya zo ya tsuguna, ya tona har ya samo nasa, ya ce ma sha Allah, aiki ya yi kyau. Sannan ya zaro Tecno, ya gyara hoton don kada haske ya ɓata masa, ya ɗauka, ya ajiye maka kayanka, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Wace kasuwa? Wa zai sayi fuskarsa in ba shi ba? Ɗan Kutse wuri kawai ya ci, wannan guminka ya ci yana kallon idonka. Saboda shi ne masu hoto da yawa suka naɗe tabarma, suka koma rungume hotuna a ƙirji suna nunawa ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa a kan fuskar har sai kuɗi ya fito.