Mu da Zaman Makoki

Mu mutanen bakin Dajin Rugu, in za a raba kambun iya gaisuwa, a miƙo mana kawai. Ka fito Batsari da niyyar ta'aziyya guda, kafin ka isa Runka ta Safana ka yi uku, ga jaje biyu a hanya: wannan an kore masa shanu, wancan an ƙwace masa babur. "Ya haƙuri?" ta kusa maye mana gurbin "ina kwana".

A da, tsarin a fili yake: mai rashi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, gari ya zo ya gaishe shi. To, da 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, wa zai gaida wa? Kowa mai karɓar gaisuwa ne, kowa kuma mai kai ta. Ka ce wa maƙwabcinka "Allah ya jiƙan Baba", ya ce "amin, Allah ya jiƙan Inna", ku tashi tare ku nufi gida na gaba.

Sai 2021, gwamnatin jiha ta Masari ta sa aka rufe layukan waya. Muka koma aika saƙon rasuwa ta bakin direbobin tasha. Wani labarin sai an yi sadakar uku yake isa, dangi su iso suna haki, su tarar har an naɗe tabarmi.

Amma a faɗi gaskiya, hannunmu ya saki. Mutumin da kuka shekara goma kuna shari'ar iyakar gona, in an ɗauke maka ɗa, shi zai fara jan akuyarsa zuwa kasuwa don karo-karon kuɗin fansa. Ba zai fasa shari'ar ba fa, ɗage ta kawai ya yi. Mata kuwa, kwanon tuwo na tsallaka katanga zuwa wurin 'yan gudun hijira ba tare da an tambayi daga wane ƙauye suke ba.

Bakinmu ne ya rufe. Mu da muke kurin damin gero da shanun huɗa a majalisa, yau tambayi kowa ya amfanin gona, zai ce "to, an dai ɗan taɓa", ko da rumbunsa na neman tsagewa. Mai sabon babur har addu'a yake ƙura ta rufe shi da wuri. Tsoron masu kai rahoto daji ne, kuma wannan ya fi yi mini ciwo: muna ci a kwano ɗaya muna satar kallon juna.

Zancen sulhu da 'yan bindiga kuma, mun ga na 2019 da yadda ya watse. Shi ya sa duk wanda ya shigo majalisa da albishir ɗin wani sabo, sai dattawa su ce masa, "Allah ya sa, yaro. Zauna ka sha shayi tukuna."