Masu Gudun Asuba a Dareta

Da zarar an ji labarin ɗaukar soja ko ɗan sanda, ko Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024, sai samarin Dareta da Bagega da cikin garin Anka su tsiri gudun asuba. Kowa da salonsa, amma kuskurensu ɗaya ne: suna auna kansu da nisa da sauri, alhali sabon shiga da minti ake auna shi.

Na farko shi ne Barewa. Daga ƙofar gida yake zurawa da dukkan ƙarfinsa, kafin ya kai bayan gari ya rungume bishiya yana haki. Ya manta a ƙasar da yake: inda ba a tambayar mai gudu dalili, sai dai a bi bayansa. Kafin ya dawo hayyacinsa, tsofaffi biyu sun rufe ƙofa, mai shayi ya bar tukunya a kan wuta. Da sassarfa ya yi, irin wadda mutum zai iya amsa gaisuwa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, da ya yi minti ashirin, unguwa kuma ta zauna lafiya.

Sai Majiyi Ƙarfi, wanda ya fi kowa ban tausayi, domin ƙarfin nasa gaskiya ne. Ya saba haƙar ramin zinariya, ya saba ɗaukar buhun dutse, don haka a wurinsa gudu wasan yara ne. Ranar farko ya ce kilomita 10 ko ba komai. Abin da bai sani ba, ƙarfin ɗaukar kaya daban, jure dukan ƙasa daban. Duk taku ɗaya na mai gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Zuciya da huhu sukan saba cikin makonni, amma ƙashin ƙwauri da agara sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa a mako na biyu za a gan shi yana ɗingishi, yana rantsuwa wani ne ya yi masa baki.

Mai Waya kuwa ya yi abin kirki da farko. Ya sauke tsarin nan na Couch to 5K da Josh Clark ya tsara a 1996: mako tara, kwana uku a mako, a fara da gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi, a ƙare da gudun minti 30 ba tsayawa. Ya bi tsaf har ƙarshe, sai waya ta ce bai cika kilomita 4 ba, ya zauna ya yi tagumi. Lissafin kuwa a fili yake. Kilomita 5 cikin minti 30 na nufin minti 6 a kowace kilomita, sabon shiga kuma sau da yawa yakan ci minti 8, mai tafiyar ƙafa kusan 12. Abin da ya kamata ya tafi da shi gida shi ne rabin awar nan, wadda wata biyu baya ba ya iya minti biyu daga cikinta.

Akwai Mai Ramuwa, wanda yake kwana shida yana barci, ranar Juma'a ya tattara gudun mako guda ya biya, sai ka ce ramuwar azumi. Jiki ba ya karɓar irin wannan biya. Akwai kuma Masanin Majalisa, wanda bai taɓa gudu ba sai ranar da kare ya biyo shi, amma ya san Eliud Kipchoge ya cinye kilomita 42 da ɗoriya cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, ya san Abebe Bikila ya ci gasar Rum ta 1960 ba takalmi. Da waɗannan yake karya gwiwar yaron da ya yi kilomita 2.

Wani zai ce ai ranar tantancewa jami'i agogo yake riƙe da shi, ba ruwansa da sassarfa. Haka ne. Sai dai sauri a kan juriya ake gina shi, kuma wanda ya isa fili da kumburarren ƙwauri ba ya kai ga agogon ma, balle Defo na Zariya. Wani kuma ya ce kakanninmu sun ci kasuwar Gummi da Bukkuyum a ƙafa ba tare da wani tsari ba. Suna da tsari mana: tun suna yara suka fara, kaɗan kaɗan nisan ya ƙaru, da sanyin safiya suke fita don gudun ranar bazara, kuma suna tafe suna hira. Su ma ɗin da za a sa musu waya a aljihu, Mai Waya zai duba ya ce ba su yi komai ba.