Nasiha Ga Gyare Mai Neman Aure: Babin Haƙa Ramin Waƙa

Wannan nasiha ce zuwa ga samarin gyaren nan mai faffaɗan hannuwan gaba, mai haƙa ƙasa, wanda masana suke kira Gryllotalpa, wanda kuma ake samun danginsa tun daga fadamun Afirka har gonakin inabi na kudancin Faransa, musamman waɗanda suka balaga, fukafukansu suka yi ƙwari, suka ƙudura niyyar aure alhali ba su mallaki komai ba sai murya.

Ka sani, ya kai saurayi, Allah ya shirye ka, muryar nan da kake taƙama da ita ba daga maƙogwaro take fitowa ba, fiffike ne kake gogawa a kan fiffike. Kuma da yake fiffiken ƙarami ne ƙwarai, ba shi da ikon tura iska mai yawa, idan ka tsaya a sarari kana ta goge-goge tun magariba har asuba, to babu mai jin ka sai maƙwabcinka, shi kuwa namiji ne. Saboda haka rami ya zama wajibi a kanka, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Sharaɗin farko shi ne ƙasa mai danshi. Busasshiyar ƙasa tana shanye sauti, ga rushewa. Mata kuwa, da yake a ƙasa za su ajiye ƙwai, sun fi kowa sanin abin da ƙarar murya take faɗa game da laimar wurin.

Amma siffar ramin, nan ne ilimin yake, nan ne kuma raggaye suke taɓewa. Ka haƙa shi tamkar kakaki, matsattse daga ciki, yana buɗewa sannu a hankali har ya zuwa baki, ba tare da wani tsalle ko karkata ba, domin sautin da ya tashi a wuri matsattse ya riƙa samun fili kaɗan-kaɗan, ya fita da ƙarfinsa bai watse ba. A bayan maƙurar kuma ka yi wani ɗan ɗaki mai kumburin ciki, wanda aikinsa shi ne ya tare sautin da ya nufi baya ya komo da shi a kan kari. Sa'an nan ka shafe bango ya yi sumul. Gyaren Faransa mai suna Gryllotalpa vineae, wanda Baturen Ingila Henry Bennet-Clark ya yi nazarinsa a 1970, baki biyu yake yi wa raminsa, kuma sautinsa, mai kaɗawa kimanin sau 3,500 a daƙiƙa, ana jin sa daga nisan mita 600. Wasu dangin baki ɗaya suke yi, kuma an ɗaura musu aure. Saɓani ne na mazhaba, kada ka ɗaga hankalinka.

Kada kuma ka ce ka gama don kawai ramin ya burge ka a ido. Malamin nan da muka ambata ya lura da wani dangi a Fulorida ta Amurka, ya kuma bayyana a 1987 cewa namijin yakan haƙa kaɗan, ya koma ya yi ɗan gajeren kuka, ya sake tura ƙasa nan, ya danne can, ya sake gwadawa, ƙara tana daɗuwa a kowane zagaye, har rami da murya su dace da juna. Wanda ya ƙi gwaji don girman kai, shi ya so.

Idan rana ta faɗi, ladabin tsayuwa shi ne ka sa kanka cikin ɗakin, fukafukai a ɗage daidai maƙura, bayanka yana fuskantar ƙofa. Na san juya wa baƙuwa baya makaruhi ne a wajen mutane, amma a wajenku sunna ce mai ƙarfi, kuma amarya, wadda take shawagi a sama cikin duhu tana auna muryoyi, ba fuskarka ta zo gani ba. Wanda ya fi ƙara, wajensa take sauka.

Saura gargaɗi, don kada a ce mun ɓoye aibi. Ba mata kaɗai ke da kunne ba. Wasu mazan sukan sauka kusa da mai ƙarar murya su ci arzikin guminsa. Malaman jami'a a Fulorida, da ɓarnar da danginku suke yi wa ciyawa ta ishe su, sun riƙa kafa lasifika mai kwaikwayon waƙarku suna kwashe duk wanda ya amsa. Mafi muni, a 1988 sun saki wata ƙuda da aka kawo daga Burazil mai suna Ormia depleta, wadda take bin waƙa har bakin rami ta zuba tsutsotsinta, su shige jikin mawaƙi su cinye shi daga ciki. Idan a can kake zaune, ka taƙaita waƙa, kuma duk wadda ta sauko ka ƙidaya fukafukanta kafin ka ce marhaba: ƙuda biyu gare ta, amaryarka huɗu.