Sunayen da ba ma yanka wa rago

Mu dai a unguwar nan, in ka cire Sallah da Kirsimeti, babu ranar da ke tara mu kamar ranar suna. In gidan Musulmi ne, tun da asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana zagayawa da goro da dabino, rago na ɗaure a gindin darbejiya, wanzami ya ajiye zabirarsa yana jira. Uban jariri ya matsa ya raɗa wa liman, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya kowa ya ji. In gidan Kirista ne, fasto ya zo da dattawan coci, matan zumunta su cika tsakar gida da waƙa, a yi addu'a, a faɗi suna. Shekara da shekaru muna jin Musa da Haruna, Bitrus da Istifanus, Maryamu, Saratu, Hannatu, Rifkatu. Amma har yau ba wanda ya taɓa jin an ce, "An samu Fir'auna, Allah ya raya." Ba Ƙaruna, ba Hamana, ba Jaluta. A coci ma ba Kayinu, ba Hirudus, ba Yezebel. A Niyuzilan ofishin rajistar haihuwa ya sha ƙin karɓar sunan Lusifa daga hannun iyaye. Mu ba ma kaiwa ga ofis, kakar yaro kaɗai ta isa.

Zancen nan yakan taso a bencin da ke gaban shagon tela bayan la'asar. Tela ne ya fara tono shi, yana ɗinki yana magana.

"Baba," ya ce wa tsohon mai bisharar da ke layinmu, "Habila nawa muka sani a garin nan? To ina sunan wansa? Uwa ɗaya uba ɗaya fa."

"Ɗana, Kayinu shi ya fara zubar da jini a bayan ƙasa, jinin ƙanensa kuwa. Wa zai so kullum safiya ya buɗe baki ya kira wannan a tsakar gidansa?"

Malamin makarantar allo ya gyaɗa kai. "Haka abin yake a wurinmu. Akwai Habilu, babu Ƙabilu. Haruna da Ƙaruna duk mutanen Annabi Musa ne, amma ɗaya annabi ne, ɗayan kuwa ƙasa ta haɗiye shi da taskokinsa. Ku duba gidan Fir'auna ma. Mun ɗauko sunan matarsa Asiya mun raba wa 'ya'yanmu, shi mun bar masa nasa."

Ba wanda ya musa. Mun yarda suna linzami ne, inda ya juya nan mai shi ke bi. Shi ya sa matar da ke wabi take iya sa wa ɗanta Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta raina shi ta wuce, amma ko 'ya'ya nawa ta binne ba za ta sa masa Hamana ba. Juji bai taɓa zaluntar kowa ba.

Sai mai ƙosai ta jefo tata daga bakin kasko. "Allah gafarta Malam, in don laifi ne, yaya aka yi da Zulai? Ba ita ta kece rigar Annabi Yusufu ta baya ba, ta sa aka kai shi kurkuku? Ga shi ni kaina ƙanwata Zulai ce."

Malam ya yi murmushi. Ya ce sunan nan ma ba ya cikin Alƙur'ani, ba ya cikin Attaura, a littattafan tafsiri da ƙissoshi aka samo Zulaihatu. "Amma ki tuna, Hajiya, da sarkin Masar ya tara matan nan, ita da bakinta ta amsa laifinta, ta wanke Yusufu. Wanda ya dawo hanya ba a rufe masa ƙofa."

Baba ya karɓe. Ya ce Rahab karuwa ce a birnin Yariko, amma ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu na Isra'ila a soron gidanta, har sunanta ya shiga jerin kakannin Yesu a Bisharar Matiyu. Yau je ka kowace zumuntar mata daga Kafanchan zuwa Biliri, da wuya ka rasa Rahab. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Bulus shi ne mai tsaron rigunan waɗanda suka jejjefe Istifanus har ya mutu. "Yanzu kuwa," in ji shi, "Bulus da Istifanus benci ɗaya suke zama a coci, waƙa ɗaya suke rerawa." Malam ya ƙara da Halidu ɗan Walidu, wanda ya zagayo wa Musulmi ta baya a yaƙin Uhudu, daga bisani ya zama takobin Musulunci. Halidu nawa ke makarantarsa yau?

A nan na gane abin da muka daɗe muna yi ba tare da mun faɗa ba. Ba mai laifi muke gudu ba, wanda ya mutu a kan laifinsa muke gudu. Ƙarshen mutum muke dubawa, kamar yadda kullum addu'armu ita ce Allah ya sa mu cika da imani. Shi ya sa ma hukuncin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Bilatus, gwamnan Romawa a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, wanda ya wanke hannunsa ya miƙa Yesu, ba mai sa sunansa a nan. A cocin gargajiya na Habasha kuwa yana cikin tsarkaka, domin a labarin da suka gada ya tuba. Delila, wadda kowane shugaban Filistiyawa ya yi wa alkawarin azurfa 1,100 ta tono asirin Samson, sunanta ya shiga cikin ɗari na farko da ake sa wa 'yan mata a Amurka a 'yan shekarun nan. Mu har gobe sai dai a wa'azi.

Har zuwa nan ba ni da ja. Uba ya zaɓa wa ɗansa suna mai kyau haƙƙi ne, Annabi ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa sahabbai sunayen da ba su dace ba. Inda abin ke ci mini rai shi ne inda ɗabi'ar tamu ta taka marar laifi.

Kafintan layinmu Musulmi ne, ɗansa na aji huɗu sunansa Yahuza, sunan kakansa aka mayar masa. Suna ne na ɗan Annabi Yaƙubu, wanda wasu malaman tafsiri suka ce shi ya hana 'yan'uwansa kashe Yusufu. To amma a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan aikin shekaru na su Dokta Walter Miller na Zariya, almajirin da ya ba da Yesu a kan azurfa 30 ana kiransa Yahuza Iskariyoti. A makon Ista an yi wasan kwaikwayo a makarantar Lahadi, yara suka ga wani da jaka cike da marafan kwalba yana ƙirgawa. Ranar da aka koma makaranta suka taru a kan ɗan kafinta: "Yahuza, nawa aka biya ka?" Fensirin wani ya ɓace, duk ido ya koma kansa. Yaron ya dawo gida ko takalmi bai cire ba, ya tsaya a bakin madafa hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Umma, a canja mini suna."

Da labari ya kai kunnen Baba, sandarsa kawai ya ɗauka. Ya tara yaran a gindin mangwaron coci, ya ce su ƙirga masa almajirai goma sha biyu. Suka ƙirga, sai ga Yahuza biyu a ciki, ɗayan bai ci amanar kowa ba. Ya buɗe musu wasiƙar nan mai sura ɗaya da ke gab da Wahayin Yahaya, ya ce su karanta sunan wanda ya rubuta. Ya tuna musu cewa Yesun da suke bi daga kabilar Yahuza ya fito. Sannan ya ce, "Jikokina, a Meziko da Girka in Ista ta zo mutum-mutumin Iskariyoti suke yi su ƙona. Ku kuwa yaro mai rai kuka samu kuna ƙonawa da baki." Da yamma sai ga su sun zo ƙofar kafinta a jere suna ba da haƙuri.

Malam ma yana da nasa ciwon. Ya ce annabawa 25 aka ambata da suna a Alƙur'ani, muna sa Nuhu, Hudu, Salihu, Shu'aibu, Yunusa, Zakariya'u, amma da wuya ka ji Luɗu. Bawan Allah ya yi ta yi wa mutanen Saduma gargaɗi har aka hallaka su aka tsirar da shi, sai muka ɗauki aikin da ya yaƙa muka liƙa wa sunansa. "Shi ƙarshensa ya yi kyau," in ji Malam, "mu ne ba mu yi masa adalci ba."

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Sunayen da muka hana jarirai ba mu binne su ba, ajiye su muka yi don ranar faɗa. Maigida mai tsanani Fir'auna ne, attajiri marowaci Ƙaruna, wanda ya sauya jam'iyya Iskariyoti. Wanda ya fi saurin fita kuwa shi ne Yezebel, kuma kullum a kan mace yake sauka. Yarinya ta sa jan baki, ta yi kitso da ƙari, ko ta ɗaga murya a taro, shi ke nan an raɗa mata. Alhali ita Yezebel, 'yar sarkin Sidon, matar sarki Ahab, abin da ta yi shi ne ta karkashe annabawa, ta kafa bautar Ba'al, ta shirya shaidun zur aka jefe Nabot don mijinta ya mallaki gonar inabinsa. Mai ƙosai ta ce, "To Baba, wanda ya kawo shaidun ƙarya ya cinye gonar marayu a garin nan, wane suna muke kiransa?" Kowa ya yi shiru, don mun san har wuri muke ba shi a sahun gaba.

Ni roƙona ga mutanen unguwarmu ɗaya ne. Mu ci gaba da tace sunan da za mu yanka wa rago, wannan gado ne mai kyau. Amma tunda ma'auninmu ƙarshen mutum ne, mu riƙe shi da gaskiya. Su Kayinu da Ƙaruna an rufe littafinsu, shi ya sa muke iya magana a kansu. Yarinyar da ke wucewa ta gaban bencinmu da yaron da ke aji huɗu nasu a buɗe yake, ba wanda ya san abin da za a rubuta a shafin ƙarshe, har mu masu zaman bencin. In ka ji ɗanka ya jefi wani da ɗaya daga sunayen nan, tsayar da shi a nan take, ka ba shi labarin mai sunan tun daga farko, ya san nauyin abin da ya ɗauko. Allah ya kyautata ƙarshenmu baki ɗaya.