An Bar Kati Ana Dukan Sabis

Tun farkon 2023, lokacin da sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mai kifi a Guri da mai barkono a Kadira suka gane ciniki ya koma cikin waya. Wanda a da bai san komai a wayarsa ba sai kira da kallon Izzar So, yanzu dole ya sauke manhajar banki, ko OPay, ko Moniepoint. Sai ya shiga Play Store ya danna, da'irar nan ta yi ta juyawa, data ta yi ta zuba, daga ƙarshe waya ta fito da ɗan rubutun Turanci cewa abin bai shiga ba. Sau da yawa dalilin guda ne: an taɓa umartar wayar ta riƙa sauke sabon kaya a katin memori, katin kuwa ya goce daga mazauninsa, ko ya mutu, ko yana Haɗejiya a aljihun wani. Tamkar ka ce wa ɗan dako ya zuba buhunan shinkafa a kwale-kwale ne, alhali kwale-kwalen ya riga ya tsallaka. Matsalar ƙarama ce, maganinta ma arha, halin masu wayar ne ke mai da ita babba, kuma kowa da irin nasa.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai ɗora wa sabis laifi. Shi bai yarda wayarsa na iya yin kuskure ba, tunda da guminsa ya saya. Za ka hango shi bisa jinga ya ɗaga waya sama yana juyi da ita, ya koma ƙarƙashin durumi, ya cire layin MTN ya sa Airtel, ya sake sayen data, ya sake dannawa. Yana da ɗan uzuri, domin sabis a ƙauyukan fadama ba abin rantsuwa ba ne, balle da damina. Amma hujja na gabansa ya ƙi gani: WhatsApp na shigo masa da saƙo, bidiyon TikTok na gudu, lambar saukar ma ta kai ɗari bisa ɗari kafin abin ya tsaya. Kaya sun iso, wurin sauke su ne babu. Kusa da shi akwai mai goge-goge, wanda ya ji an ce "ba sifes" sai ya hau share hotunan bikin ƙanwarsa, da na sunan ɗansa, da saƙon muryar da abokin ciniki ya amsa bashi a ciki. Ya share rabin rayuwarsa, ya koma ya danna, rubutun nan ya sake fitowa ko wasali bai canja ba, saboda ma'ajiyar da ya share ba ita wayar ke nema ba.

Mai busa ya fi su kusa da gaskiya, ko da yake bai san dalili ba. Ya ɓalle murfi, ya zaro kati da farce, ya hura masa iska, ya goga a gefen riga, wani har ya ɗan lasa, sa'annan ya mayar. Kuma wani lokaci abin ya yi! Ƙurar hunturu da laimar damina suna hawa kan 'yan zanen ƙarfen da ke bayan katin, waya ta daina ganinsa, gogewa da busasshen ƙyalle kuwa magani ne na gaske. Yawun ne kawai ƙarin da babu likitan da ya rubuta. Laifin mai busa shi ne yana zare katin alhali waya na kunne, tana tsaka da rubutu a kansa, kuma ta haka lafiyayyen kati ke zama gurgu.

A kan mai ba da aron kati ya kamata a daɗe, domin shi mutumin kirki ne, kirkin nasa kuma shi ke kai shi ƙasa. Tun fitowar Android 6 a 2015, wayoyi da yawa kan yi tambaya idan aka sa sabon kati: a bar shi na ɗauka-ka-tafi, ko a haɗe shi da cikin waya? Wanda ya zaɓi na biyu, wayar za ta share katin ta ɗaure shi da makullin da ita kaɗai ta sani, ta kwashe manhajoji ta zuba a kansa. Daga ranar ba kati ba ne kuma, sashen jikin waya ne. Mutuminmu bai san an yi wannan ɗaurin aure ba, mai shago ne ya danna masa ranar da ya saya. Sai ƙaninsa ya zo: "Yaya, ara min memorinka a turo mana fassarar Algaita." Ya zare ya miƙa. Kafin la'asar manhajojinsa sun dushe, Play Store ya ƙi karɓar komai. A can kuma kwamfutar mai tura finafinai ta ce ba ta gane wannan kati ba, ko a yi fomat? Yaro ya ce a yi mana. Kati ya dawo da finafinan Indiya cike, wayar mai shi ba ta ko gane tsohon katinta ne ba, kuma babu wanda ya yi niyyar cutar wani.

Sai mai son arha, wanda ya samo kati a tashar mota an rubuta 128GB a jiki, a kuɗin da bai kai na sandar kifi ba, yana ta yi wa mutane gorin wayo. Irin wannan katin an koya masa ƙarya ne tun daga inda aka ƙera shi: yana gaya wa waya yana da faɗi, alhali cikinsa bai fi 8GB ba, ko ƙasa. Makon farko lafiya lau. Da ainihin cikin ya cika, sabon kaya ya hau kan tsoho, hoto ya buɗe rabi toka-toka, tafsiri ya tsaya a tsakiyar aya, manhaja ta shiga yau ta ɓace gobe. Shi kuwa ba zai taɓa zargin katin ba, sai ya ce an yi masa hakin. Ya tafi wurin injiniyan zaure, wanda cuta ɗaya ya sani, magani ma ɗaya: filashin. Ciwon kai filashin, kati ya goce filashin. A share waya tas, lambobi su tafi, a mayar da katin jabun, a karɓi kuɗin aiki.

Za a ce wannan dariya ce ga talaka, kuma maganar na da nauyi. Wayar Itel ko Tecno mai 16GB ko 32GB, tsarin wayar kansa ya riga ya cinye kaso mai tsoka kafin mai ita ya ɗauki hoto ɗaya. Data na da tsada, wuta sai a shagon caji, don haka mutumin da ya tara finafinai da wa'azi da waƙoƙi a kati ya karɓa ta Xender ba wawa ba ne, lissafinsa ya fi na ɗan birni mai kallon komai a intanet. Rubutun kuskuren kuma da Turanci yake zuwa, wani lokaci ma lamba ce tsirara, kuma wannan laifin kamfanonin ne, ba na manomin Abunabo ba. Duk na yarda. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana gyaran, domin gyaran ba ya cin ko sisi. A kashe waya, a zare kati, a kunna, a shiga setin wurin ma'ajiya a mayar da zaɓin ajiya zuwa cikin waya, a share tarkacen da Play Store ya tara, a sake dannawa. In manhaja ta shiga, an kama mai laifi. Daga nan a raba musu aiki: manhajoji a cikin waya, musamman ta kuɗi, finafinai da hotuna a kati, katin kuma a bar shi na ɗauka-ka-tafi don a iya ba da aronsa ba tare da an rushe gida ba. Ma'aikacin sakatariya mai kwamfutar Windows, wanda ya saita sababbin manhajoji su riƙa sauka a faifan da ake jonawa daga waje sannan ya manta faifan a gida, shi ma ciwonsa ke nan da Microsoft Store, digirinsa bai cece shi ba.

Cewa talauci ne tushen abin ma akwai mai ƙaryata shi, wato Alhaji. Shi ba ya hawa jinga, ba ya busa, ba ya zuwa zaure. Waya ta ƙi sauke manhaja, sai ya kira yaronsa ya ce wannan ta tsufa, a aika Kano, kasuwar Farm Centre, a kawo sabuwa mai babban ciki. Ta iso a kwali, aka yi mata caji, aka sa albarka. Sai Alhaji ya tuna hotunan Makka suna tsohuwar, ya ce a zaro katin nan a sa masa a sabuwar. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ai katin ne..." Alhaji ya ce shekara nawa yana tare da katin nan bai taɓa ba shi kunya ba, a sa kawai.