Ciki Na Kuka, Baki Na Cewa Alhamdulillah

Da za a kafa kotun maƙaryata a ƙasar Hausa, da masu cewa "na ƙoshi" za a fara gurfanarwa. Mutum tun hantsi bai sa komai a bakinsa ba, a miƙo masa kwano a ce bismillah, sai ya dafe ƙirji: "Alhamdulillah, yanzun nan na tashi daga kan abinci." Wane abinci? Kokon jiya da safe?

Abin ya fi ƙamari a gidan surukai. A kawo wa ango dambun shinkafa da soyayyar kaza, ƙamshin man shanu na tashi, ya riƙe cokali kamar mai tsoron kada ya ji ciwo, ya yi loma uku, ya ture kwano. Cinyar kaza na kallonsa, yana kallonta. Amma ya san ƙannen amarya na leƙe ta bayan labule, kuma kafin magariba dangi duk za su ji cewa mijin Yaya acici ne. Yana fita daga layin, sai teburin mai shayi: "Malam, Indomie biyu, ƙwai uku, a cika yaji." Wannan mai kunyar dai, ka tarar da shi a walimar da ba wanda ya san shi, har leda yake tahowa da ita a aljihu.

A 1999 masana a Japan suka gano sinadarin girelin, wanda ciki ke fitarwa ya kai wa ƙwaƙwalwa rahoton yunwa. Sun yi ƙoƙari, sai dai ba su taɓa raka aboki gaisuwar surukai ba, da sun ga yadda kunya ke tare ɗan aiken a hanya.

Sai masu yajin cin abinci. An ɓata wa uwargida rai, ta rantse ba za ta taɓa tuwon gidan nan ba. Ta kuwa cika alkawari, tsakani da Allah. Ta dai aiki yaro ta ƙofar baya ya sayo balangu da lemo mai sanyi, ta ja ƙyaure. Likitoci sun ce damuwa na ƙara sinadarin kotizol, shi kuma ya tayar da kwaɗayin maiƙo da zaƙi. Shi ya sa ba ka taɓa jin wanda baƙin ciki ya sa ya nemi kwaɗon zogale ba.

Kai maigida, in baƙo ya ce ya ƙoshi, kada ka ɗauke kwanon. Ajiye masa, ƙaro miya, ka fita ka ba shi wuri.