Gwanayen Ƙwallon Tebur Suna Makoɗa

Duk sanda gasar Olamfik ta matso, sai ka ji masu kula da wasanni suna kukan ƙarancin gwanayen ƙwallon tebur a ƙasar nan. Laifinsu ne, a Legas suke nema. Da za su hau motar Ɗambatta su ƙarasa Makoɗa, da sun cika jirgi da 'yan wasa, har a bar wasu a tasha.

Wasan dai attajiran Ingila ne suka ƙirƙiro shi wajejen 1880. In sun ƙoshi sai su jera littattafai a tsakiyar teburin cin abinci a madadin raga, su yi ta doka wa juna ƙwallo. Daga ƙarar da ƙwallon ke yi aka samo sunan Ping-Pong, wanda kamfanin Jaques ya yi wa rajista a 1901. Dabarar wasan guda ce: kada ka yarda ƙwallo ya zauna a wajenka. To wannan kam, mu ba sai an saya mana tebur ba.

Yaro ne zai zo ya durƙusa: "Baba, an ce mu kawo kuɗin jarrabawa."

"Je ka wajen babarka, jiya na ga ta sayar da ƙuli."

"Koma ka ce masa na zuba adashi."

"To, ruga gidan kawunka."

Kawu kuwa tun bayan girbi ya tafi cin rani. Kafin azahar yaro ya yi sawu shida, babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya taɓa aljihu.

Wannan ajin ƙanana ne. Manyan gwanaye sai a fagen bashi. Mai taki ya yi sallama: "Alhaji, maganar buhunan nan fa?" Alhaji ya mayar a hankali: "Haba Malam, sai kaka." Kaka ta zo, ya murɗa ƙwallon: "Gero ya faɗi, bari ya ɗan farfaɗo." Gero ya tashi, sai ya buga wanda ba ya taruwa: "Ai na riga na sayar, amma in Allah ya kai mu Lahadi zan kai akuya kasuwar Ɗambatta." Aruna Quadri, ɗan Oyo, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas na ƙwallon tebur a Olamfik, a Riyo cikin 2016. Duk da haka ina shakkar zai iya tare akuyar Alhaji.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Ta kawo miki dubu ɗaya ranar suna, ki mayar mata dubu biyu a bikin 'yarta, ta dawo miki da huɗu. Haka za a yi ta yi har sai ɗaya ta sayar da tunkiya, sannan a ce a yanke bikin.

Amma kada a raina mu. A 1971 ƙwallon tebur ne ya kai 'yan wasan Amurka ƙasar Sin bayan gabar sama da shekara 20, shekara na zagayowa Shugaba Nixon da kansa ya bi sawu. Mu ma zaman lafiya muke saya da namu. Bamakoɗe ba zai dubi idonka ya ce "ba zan biya ba". Kunya ta hana. Gara takalminka ya ƙare da zumunci ya ɓaci.

Gyara ɗaya nake nema. A 2001 hukumar wasan ta duniya ta rage maki daga 21 zuwa 11 don wasa ya riƙa ƙarewa da wuri. Mu ma a sa doka: duk wanda ya mayar da mai bin bashi sau 11, ya ci wasa, a tafa masa, sannan ya biya.

Na kai wa mai unguwa wannan shawara, ya ce magana ce babba, in je wajen dagaci. Dagaci ya saurare ni tsaf, ya yaba ƙwarai, sannan ya tambaye ni ko na fara shaida wa mai unguwa.